Ina karatu a Amurka, kuɗi ya yanke, an yi mini tayin aiki a ɓoye

Anti, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a wata jami'a a Amurka, ina digiri na farko a fannin injiniya da bizar karatu ta F-1. Na iso a watan Agusta, yanzu ina tsakiyar zango na biyu. Mahaifina ne ke ɗaukar nauyina. A watan Disamba rashin lafiya ta kwantar da shi, harkokinsa suka tsaya, ga darajar kuɗin ƙasarmu ta faɗi, abin da ake turo mini yanzu ko rabin na da bai kai ba. Ana bina hayar wata biyu, ga ragowar kuɗin makaranta. Akwai wani Alhaji, abokin Baba, mai kanti a garin da nake. Ya ce in riƙa zuwa Asabar da Lahadi ina tsare masa kanti, zai biya ni a hannu, ba takarda, ba wanda zai sani. Ɗan kawuna da ke Kanada ya ce shi yana aikinsa a wajen makaranta lafiya lau, in daina tsoro. Ina fargabar zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje, kada su ce tunda ba ni da kuɗi in koma gida. Baba kuma ban gaya masa komai ba, kullum ce masa nake komai lafiya. Alhaji na jiran amsata kafin Asabar. Shin akwai hanyar samun izinin aiki? Yaya zan yi?

Ɗalibi mai damuwa

Ɗana, Allah ya ba mahaifinka lafiya, ya sa kaffara ne. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan "komai lafiya" da kake gaya masa, sannan ka ajiye waya ka koma lissafin haya kai kaɗai. Tun Disamba kake haɗiye wannan, kana zuwa aji, kana rubuta jarrabawa. Ka yi ƙoƙari ƙwarai. Zan dawo kan maganar Baba, amma Asabar ta fi kusa, bari mu fara da ita.

Kada ka je kantin nan ranar Asabar da sunan aiki. Ko awa ɗaya ce, ko gwaji ne, ko an ce "taimako kawai za ka yi". A ƙa'idar F-1, duk aikin da ɗalibi ya yi a wajen harabar makaranta ba tare da rubutaccen izini ba karya sharaɗin biza ne, kuma doka ba ruwanta da ko ta banki aka biya ka ko a ambulan. Kowane ɗalibi irinka yana da rajista a kundin gwamnati da ake kira SEVIS. In ta tabbata ka yi aiki ba izini, rufe wannan rajistar ake yi, kuma daga lokacin zamanka a ƙasar ya rasa madogara. Kwana 60 ɗin da ake bai wa wanda ya gama karatu lafiya don ya kimtsa, kai ba za ka samu ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan: ɗalibin da ya yi wani kuskuren, misali ya rage darussa bai nemi izini ba, yana iya roƙon hukumar shige da fice ta maido masa da matsayinsa, amma cikin sharuɗɗan wannan roƙo har da cewa bai taɓa aiki ba bisa ƙa'ida ba. Wato laifin da ake tayin ka yi yana cikin waɗanda ba su da wannan gyaran. Sannan duk ranar da ka sake neman bizar Amurka, fom ɗin zai tambaye ka ko ka taɓa karya sharaɗin biza. Ka ce e, ga matsala. Ka ce a'a, ka yi wa hukuma ƙarya, hukuncinta kuwa ya fi na aikin nauyi nesa ba kusa ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ɗan kawunka bai yi maka ƙarya ba, dokar ƙasarsa yake gaya maka. A Kanada, tun watan Nuwamban 2024, ɗalibin da ya cika sharuɗɗa yana iya aikin awa 24 a mako a wajen makaranta. A Birtaniya mai digiri yana da awa 20 a mako lokacin karatu, a Ostireliya awa 48 a mako biyu, a Jamus kuwa da kwanaki ake ƙirgawa, 140 a shekara. Amurka ta fi su tsauri a nan: a shekararka ta farko, cikin harabar makaranta kaɗai aka yarda ka yi aiki. Ka gode masa, amma kada ka auna kanka da ma'auninsa.

Shi kuma Alhaji, ban ga dalilin yi masa mummunan zato ba. Ya ga ɗan abokinsa cikin ƙunci, ya miƙo abin da yake da shi, kuma mai yiwuwa ya ga wasu sun yi hakan sun wuce lafiya. Sai dai kasadar ba ɗaya ba ce tsakaninku. Doka ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikaci a Amurka ya cika fom ɗin I-9, ya ga shaidar cewa mutum yana da izinin aiki. In aka kama, shi galibi tara zai biya ya ci gaba da buɗe kantinsa, kai kuma karatunka ne zai tafi, da duk abin da mahaifinka ya zuba tun daga kuɗin jirgi. Batun "ba wanda zai sani" kuwa, ka tsaya ka hango wurin: kyamara a saman kanta, wani ma'aikaci da wata rana za su saɓa da Alhaji, ɗan ajinku da zai shigo sayayya ya gan ka bayan na'urar kuɗi, ko ka zame da kwali a hannu a kai ka asibiti a tambaye ka me kake yi a wurin. Sirrin da ke hannun mutum biyar ya tashi daga sirri.

Ka je wurinsa da ƙafarka, kada ka aika saƙon waya. Ka gaishe shi yadda ake gaida uba, ka ce, "Alhaji, na gode da wannan karamci, ba zan manta ba. Na bincika, takardata ba ta ba ni damar aiki a waje ba tukuna, kuma ina tsoron in jawo mana matsala ni da kai. Ina neman izinin ta hanyar makaranta." Sannan kada kunya ta hana ka faɗin abin da kake buƙata. Bizarka ba ta hana a ba ka kyauta ba, ba ta hana a ranta maka ba. In zai iya ranta maka hayar wata biyun nan, ku rubuta, ku sa lokacin biya. Abu ɗaya za ka kiyaye: kada ya zama ɗaki ko kuɗi a madadin tsaron kanti, don ladan aiki ladan aiki ne ko da ba a kira shi albashi ba. Haka nan ka guji masu cewa ka riƙa kai saƙon abinci ko tuƙa mota da asusun wani a manhaja, da masu ba da aikin intanet daga wata ƙasa. Muddin jikinka yana Amurka kana aikin, ana ɗaukarsa aiki ne, yana buƙatar izini.

Yanzu ofishin da kake tsoro. A nan nake ganin ka fi cutar da kanka, don wurin da kake gudu nan ne mabuɗin yake. A cikin ofishin ɗaliban ƙasashen waje akwai jami'in da ake kira DSO, wanda ya sa hannu a takardarka ta I-20, wato takardar da makaranta ta ba ka ka nemi biza da ita. Karyewar aljihu bayan ka iso ba laifi ba ne a dokar biza, kuma ba kai ne na farko da ya zauna a kujerar nan ya ce mai ɗaukar nauyinsa ya kwanta ba. Abin da ke ɓata matsayin ɗalibi shi ne ya daina cikakken karatu ko ya yi aiki ba izini, kuma ko ɗaya ba ka yi ba. Kana shiga ofishin nan da takarda mai tsabta, wannan babban jari ne. Amma zan faɗi wata magana, ko da ba kai ba, don wani mai karatu: wanda ya riga ya fara irin wannan aiki, lauyan shige da fice zai fara gani kafin DSO, domin jami'in yana da wajibin kai rahoto in ya san an yi aiki ba izini, lauya kuwa riƙe sirrinka aikinsa ne. Jami'o'i da dama suna da ofishin ba ɗalibai shawarar shari'a kyauta, daga nan ake farawa.

Ƙofar farko a buɗe take tun ranar da ka iso: aikin cikin harabar makaranta. Awa 20 a mako lokacin karatu, cikakken lokaci a hutu matuƙar za ka koma aji zango mai zuwa, kuma ba sai hukumar shige da fice ta ba ka wata takarda ba. Laburare, ɗakin cin abinci, ɗakin kwamfuta, kantin littattafai, wurin motsa jiki, koyar da 'yan aji ɗaya lissafi, taya malami aiki a ɗakin gwaji. Kai da kake injiniya, lissafin nan da kake ganin ba komai ba ne akwai masu kuka da shi, kuma cibiyar taimakon karatu tana biyan masu koyarwa. Ka tambayi kuma aikin kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, wanda a jami'o'i da yawa ɗaki kyauta ake bayarwa a kansa. Wannan kaɗai zai iya sauke maka nauyin haya a shekara mai zuwa. Kada ka tsaya ga cike fom a intanet kana jira. Ka je ɗakin cin abinci da hantsi, lokacin da layi ya lafa, ka nemi manaja, ka ce kana iya ɗaukar safiya ko ƙarshen mako, lokutan da wasu ke gudu. Ka tare malamin da ka fi cin darasinsa bayan aji ka tambaye shi ko yana neman hannu. Za ka ga wasu guraben an rubuta na masu tallafin gwamnatin tarayya ne, waɗannan ba naka ba ne, ka wuce su. In ka samu aiki, takardar ɗauka da wasiƙar DSO za ka kai a ba ka lambar SSN, wadda ake biyan albashi da haraji da ita. Ka riƙe wannan da kyau: awa 20 ɗin jimillar duk ayyukanka ne, kuma kowane mako da nasa lissafin. Ba a yin 25 wannan makon a rama da 15 a na gaba.

Ƙofa ta biyu kamar don kai aka yi ta. Dokar F-1 ta tanadi izinin aiki a wajen makaranta ga ɗalibin da ya faɗa matsanancin ƙuncin kuɗi saboda abin da bai zata ba kuma ba shi da iko a kai. Cikin misalan da dokar kanta ta lissafa akwai canjin da ba a zata ba a halin mai ɗaukar nauyin ɗalibi, da babban sauyi a darajar kuɗi ko canji, da kuɗin asibiti. Biyu daga ciki suna cikin wasiƙarka. Sharuɗɗan su ne ka cika shekarar karatu guda da F-1, makinka na da kyau, kana ɗauke da cikakkun darussa, aikin ba zai taɓa karatunka ba, kuma ka nuna cewa aikin cikin makaranta bai samu ba ko bai isa ba. Ka ga dalilin da ya sa neman aikin harabar ke da amfani biyu: in ka samu, ga kuɗi, in ba ka samu ba, ka adana kowace amsar "babu gurbi" don shaida ce. Tunda a Agusta ka fara, shekararka tana cika da ƙarewar wannan zangon, abin da ya rage maka makonni ne.

Yadda ake yi, DSO zai duba hujjojinka, in ya gamsu ya rubuta shawarar a ba ka izini a sabuwar I-20. Kai kuma ka aika fom ɗin I-765 zuwa hukumar shige da fice, wato USCIS, tare da wasiƙar da ke bayyana halinka, da lissafin abin da ke shigo maka da abin da ke fita kowane wata, da takardar likitan Baba, da bayanan banki da ke nuna yadda kuɗin ya ragu, da shaidar canji a watan da ka iso da na yau. Akwai kuɗin nema, ka tambayi DSO ko za ka iya roƙon a yafe maka. In an amince, kati za a turo maka mai hotonka da ranar farawa da ta ƙarewa, na shekara guda ne, ana iya sabuntawa, awa 20 a mako lokacin karatu, cikakken lokaci a hutu, kuma ba dole aikin ya shafi fanninka ba. Ba zan ruɗe ka ba: yakan ɗauki watanni, ana iya ƙi, kuma ba a fara aiki da rasit ɗin nema, sai katin ya shigo hannunka kuma ranar da ke jikinsa ta yi. Shi ya sa nake so ka fara tara takardun yau, ranar da ka cancanta a aika.

Akwai ta uku, CPT, wato aikin koyon sana'a da ke cikin tsarin karatunka. Ita ma sai bayan shekarar karatu guda, amma DSO ne ke ba da ita ba USCIS ba, don haka ta fi sauri. Dole aikin ya dace da fanninka, kuma a shafi na biyu na I-20 za a buga sunan kamfanin da ranakun farawa da gamawa. Wajen wannan kamfanin da waɗannan ranakun, ba ka da izini. Ɗalibin injiniya da ya samu irin wannan a hutun bazara yakan samu abin da ya fi na tsaron kanti, ga gogewa da za a rubuta a takardar neman aiki. Ka leƙa ofishin neman ayyuka na jami'a cikin makon nan, lokaci ya ja amma bai ƙure ba. Sai dai ka lura, wanda ya cika wata 12 yana CPT na cikakken lokaci ya rasa OPT. Ita OPT ɗin ita ce wata 12 na aiki a fanninka bayan digiri, kuma masu fannonin kimiyya, fasaha, injiniya da lissafi suna iya ƙarin wata 24. Shekara uku kenan na aikin halal da albashin injiniya. Ka ɗora wannan a sikeli ɗaya, ka ɗora ambulan ɗin Asabar da Lahadi a ɗayan.

To kafin duk wannan ya nuna, me za a yi da hayar da ragowar kuɗin makaranta? Na makarantar ya fi gaggawa fiye da yadda kake zato, domin jami'o'i sukan hana mai bashi rajistar zango na gaba, rashin rajista kuma shi ke taɓa biza. Ka je ofishin kuɗi ka nemi a raba maka biyan kashi-kashi. Ka tambayi DSO da ofishin shugaban harkokin ɗalibai ko akwai asusun agajin gaggawa, da yawa suna da shi kuma ba sa tallarsa. Ka tambayi sashenku tallafin da ake bai wa masu maki mai kyau. In akwai rumbun abinci na ɗalibai, ka je ka ɗauka, don irinka aka ajiye, babu abin kunya. Mai gidan haya kuma ka same shi kafin ya same ka, da ranar da za ka biya wani abu, a rubuce. In duk an yi lissafi bai fita ba, akwai komawa makaranta mai sauƙin kuɗi a mayar da rajistarka can, akwai kuma ɗaukar hutu da izinin DSO ka je gida zango guda ka dawo. Na san wannan na ƙarshen yana da ɗaci, amma wanda ya fita da izini ya fi wanda ya karya sharaɗin biza damar dawowa.

Saura Baba. Na fahimci abin da ya sa ka yi shiru, ba ka so ka ƙara wa mara lafiya nauyi, kuma wannan tarbiyya ce. Amma ɗana, mutumin da ya san nawa yake turowa a da, ya san nawa ake turowa yanzu, kana jin bai san bai isa ba? Ina kyautata zaton shi ma yana kwance yana wannan lissafin, yana jin "komai lafiya" ɗinka yana sanin kara kake yi masa. Ga shi kuma takardar likita da ta banki daga wurinsa za su fito, ɓoyon ba zai ɗore ba. Ka fara da Mama ko babban wanku, su suka san ƙarfin jikinsa da lokacin da ya dace. In za ka yi magana da shi, ka bari sai ka fito daga ofishin DSO, don ka zo masa da matsala da mafitarta tare: "Baba, kuɗin ya ɗan gaza, amma na je makaranta, ga abin da suka ce, ga takardun da nake so a turo mini." Uba ya fi samun barci da wannan. Kuma gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin Alhaji.

Gobe da safe ka nemi ganin DSO, ka tafi da fasfo, da I-20, da lissafin kuɗinka na wata a takarda guda. Ka ce masa mai ɗaukar nauyinka ya kwanta rashin lafiya, ba ka yi aiki ko'ina ba, kana so ka san duk hanyoyin da doka ta ba ka. In katin nan ya iso kuwa, ranar da ke jikinsa kuma ta yi, in har Alhaji yana neman mai tsare masa kanti, ka kai masa ya cika I-9, ya sa ka a littafin albashi, ka tsaya bayan kantar nan da sunanka. Ka rubuto mini yadda kuka yi da ofishin, kuma ka gaishe mini da Baba da jiki.